Gwangwanin Malam Gaɓa-gaɓa

Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Yaya ya riga ni tafiya ranar wata Talata da hantsi, ƙarshen damina, yana kishingiɗe a kan tabarmarsa a tsakar gida, rediyo na magana kusa da kunnensa. Ni na rufe masa ido. Ni na kashe rediyon.

Ban yi makarantar boko ba, ko ta yini ɗaya. 'Yarsa ta fari ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta sassauta mini magana. Dalilina ɗaya ne. Akwai wani littafi na koyon furta Turanci da ke hannun yara a makarantun Gusau, da suna a bangonsa. Sunan nan ba na mai aikin ba ne. Mai aikin shi ne wanda aka kai makwancinsa ranar Talata, ina kuma so a sani tun ina da numfashin faɗa.

Kafin azahar gida ya cika. Ni ba mai kuka a gaban jama'a ba ce, don haka na samu damar kallo. Wani direba daga Tsafe, gemunsa ya yi fari tas, ya bar motarsa a tasha da fasinja a ciki, ya zo ya durƙusa a ƙofar zaure yana shassheƙa. Wani mai sayar da hatsi daga Bungudu ya rantse shi zai shiga ramin ya karɓi gawar, sai da liman ya tuna masa akwai dangi. Mata suka zo daga 'Yandoto, duk da yadda hanya ta zama yanzu. Matar mai kemis, maƙwabciyarmu Kirista, ta shigo da mayafi a kanta da tukunyar shinkafa a hannu, ta ce da irin Hausarta, "Mama, Baba Tica ya tafi. Shi ya buɗe bakin yarana uku." Ta zauna a ƙasa tare da mu har la'asar.

Akwai wata ma'aikaciyar asibiti da ta zauna daura da ni. Sai na ga yatsanta yana bugun gwiwarta. Bugu biyar, na biyun da ƙarfi. Ta sake, ba ta ma san tana yi ba. Da ta ɗago ta ga ina kallonta, dariya ta kufce mata, kuka ya biyo baya.

Mutum ɗaya na nema ban gani ba: ɗan ƙanenmu, wanda Yaya ya riƙa. Ya aiko da buhun shinkafa, ya kuma sa hoton Yaya a waya da doguwar addu'a a ƙarƙashi. Shi kansa sai ranar uku.

Yaya malamin Turanci ne na firamare. Ya koyar a Bungudu inda aka haife mu, ya daɗe a Tsafe, ya ajiye aiki a Gusau. Ba a kiransa da sunansa, sai Malam Gaɓa-gaɓa. Duk inda za shi, yana ɗauke da wani gwangwanin madara da ya yi tsatsa, cike da ƙwallayen dabino da ƙodagon goruba. In yaro ya ci karo da doguwar kalma ya tsaya yana zare ido, sai Yaya ya girgiza gwangwanin.

"Ba ta cin mutum," yake cewa. "Mahauci ma ba ya ɗaukar sa ɗungurungum. Mu yanka ta."

Sai ya jera ƙwallayen a kan tabarma. Kowace gaɓa ƙwallon dabino ɗaya. Gaɓar da murya ke dannawa kuwa, ita ke samun ƙodago. Yaro zai taɓa kowane da yatsa yana faɗa, a hankali, sannan da sauri, har kalmar ta haɗe.

Dokokinsa biyu ne, kuma a kansu ba ya wasa. Ta farko, in yaro ya maƙale, ba wanda zai ƙarasa masa. "A jira shi," yake cewa, ko da kuwa za a buga ƙararrawar tashi. Ta biyu, wanda kalma ta kayar, ba duka ba zagi. Ya ɗauki ƙodagon ya sa a aljihu ya tafi gida. Ranar da bakinsa ya iya, ya dawo ya faɗe ta a gaban malam, ya mayar da ƙodago gwangwani. Yaya na alfahari da cewa duk tsawon aikinsa ba ƙodagon da ya fita bai dawo ba.

Mutum ne mai ban haushi a zama. Yana gyara wa masu karanta labarai magana, shi kaɗai a tsakar gida, kamar suna jinsa. Tuwo ya huce a gabansa yana ƙirga gaɓoɓi da yatsu. Wata rana akuyata ta yi kuka, ya ce ta ja gaɓar ƙarshe da yawa. Babban aibinsa kuwa, duk wanda ya taɓa zama a kan tabarmar nan, Yaya ba ya ganin laifinsa har abada. Mutane na kiran wannan kirki. Ni na sha gaya masa makanta ce, tun kafin ta ido ta same shi.

Ƙanenmu ya rasu a Bungudu ya bar ɗa namiji mai in'ina. In'ina ce mai tsanani, ko ruwa zai roƙa sai ya buga ƙafa a ƙasa. Yaya ya ɗauko shi ya kawo Tsafe. A lokacin ina aure a can, zana ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Yaya, duk abin da ake yi a tabarmar nan yana shigo mini ina surfe.

Da Hausa ya fara masa, gaɓa-gaɓa, har yaron ya iya sayo gishiri a kasuwa ba a yi masa dariya ba. Sannan Turanci. Ranar da ya ga ya yi ƙwari, sai ya jera masa ƙwallo biyar: dabino, goruba, dabino, dabino, dabino.

"An. Fo. Cu. Nat. Li."

Yaron ya wuce ta farko lafiya. A ta biyu ya tsaya. Mu mutanen nan bakinmu ba ya son wannan harafin, sai mu hura shi.

"Hwo... hwo... hwo..."

"Ba wuta kaka hurawa ba," in ji Yaya. "Haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Sannan ka danna, nan ne nauyinta yake. Fo."

Bai iya ba. Ya ɗauki ƙodago ya sa a aljihu. Damina guda cur yana yawo da shi. Ni ke wanke masa wando, don matar Yaya na fama da goyo. Duk wanki sai in ciro ƙodagon, in shanya wandon, in ya bushe in mayar masa. Ina jinsa a bayan rumbu yana ta gwadawa shi kaɗai. Ranar da kalmar ta fito, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya fito tsakar gida ba takalmi yana ta kwarara ta, biyar ɗin nan a jere, ba tuntuɓe. Yaya ya yanka zakara. Ni na dafa.

Yaron nan ya girma, ya zama mai karanta labaran Turanci a rediyo, daga baya manya suka ɗauke shi yana magana da yawunsu. In muryarsa ta fito, Yaya sai ya manna kunne, ya ɗaga hannu kada kowa ya yi motsi.

Faɗanmu mafi girma ni da Yaya mun yi shi ne da tsufanmu. Mijina ya rasu, matarsa ta rasu, na dawo gidansa na Gusau ina riƙe masa tukunya. Wata rana 'ya'yan maƙwabta sun tashi daga tabarma, ya shigo yana yabon wata yarinya. Ban san lokacin da maganar ta fito mini ba.

"Ka buɗe bakin ɗiyan direbobi, ka buɗe na ɗiyan mahauta, har na baƙi. Ni da munka sha nono ɗaya fa?"

"Ai Baba ne bai sa ki ba."

"Baba ya shekara nawa a ƙasa?"

Kwana uku ina ajiye masa tuwo ban ce masa ci kanka ba. Rana ta huɗu bayan la'asar na ji ƙarar gwangwani a ƙofar ɗakina.

"Taho ki zauna. Wace kalma kika so mu fara da ita?"

Na zauna. Na sa hannu da kaina na jera biyar, ƙodago a na biyu. Na taɓa su ɗaya bayan ɗaya na faɗe ta, ban hura ba, ban yi tuntuɓe ba.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Tun yaushe?"

"Tun daminar da kuka hana ni sakat a bayan zana."

Ya daɗe yana goge tabaran da bakin rigarsa. Sannan na tambaye shi abin da na riƙe a ciki tsawon shekarun nan: me take nufi?

"Abin takaici, haka take nufi. Amma ki riƙe wanga. In kin je wurin ma'aikaci ya fara magana da ita, kada ki jira sauran. Nemi takalminki. Abin da kinka zo nema babu."

Daga ranar ya fara nuna mini baƙaƙe. Ba mu yi nisa ba idonsa ya fara rufewa. Kalmar nan ita kaɗai ce Turancina har yau.

Yana da littattafan rubutu guda bakwai a akwatin ƙarfe, aikin rayuwarsa. Dogayen kalmomi ne ya yanka gaɓa-gaɓa da shuɗin biro, gaɓa mai nauyi da ja. Wata Asabar ɗan ƙanenmu ya zo da mota, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa.

"Baba, aikin nan bai kamata gara ta cinye shi a akwati ba. Ka ba ni a buga, da sunanka, yaran jihar nan duka su amfana."

Ina tsince wake a gefe. Bakinsa na magana da Yaya, idonsa na kan akwati.

Na ce, "Yaya, a kira ɗiyarka ta zo, a yi a gabanta."

"Haba. Ɗana ne fa."

"Na sani. Ni na wanke mishi wando."

Ɗan ƙanenmu ya yi dariya. "Gwaggo ba ta canzawa." Ya rungumi littattafan bakwai ya kai mota da kansa, bai bar direba ya taɓa ba.

Damina biyu suka wuce. Sai wata safiya muka ji sanarwa a rediyo: za a ƙaddamar da sabon littafin koyon furta Turanci a wani babban ɗakin taro a Gusau. Aka faɗi sunan mai littafin. Aka maimaita: sunan ɗan ƙanenmu ne. Yaya ya ce mai sanarwar ne ya yi kuskure, sunan mai gayyata ya karanta. Ranar taron ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ce in raka shi, don a lokacin ni ce idonsa. Muka hau keke mai ƙafa uku, gwangwanin na kan cinyarsa. Wai ko za a ce ya nuna wa mutane yadda ake yi.

A ƙofa masu gadi suka ce sai da kati. Muka tsaya a rana, manyan motoci na ta sauke mutane. Na ce wa ɗaya ya shiga ya ce uban mai taro na waje. Can sai ga shi ya fito cikin babbar riga, yana waige-waige. Bai durƙusa ba. Ya sunkuya kusa da kunnen Yaya, ya juya harshe zuwa Turanci don kada in ji.

Da kalmar nan mai gaɓa biyar ya fara. Duk Turancin duniya, da ita ya fara.

Ban jira sauran ba. Na kama hannun Yaya. Shi kuwa ya tsaya har aka gama masa bayani, kansa a karkace kamar yadda yake sauraron yaro a tabarma. Da aka gama, abin da ya ce kawai shi ne:

"Ka haɗiye ta uku."

Ɗan ƙanenmu ya yi wata 'yar dariya, ya ce direbansa zai mai da mu gida. Na ce ƙafar da ta kawo mu ba ta karye ba.

A hanya, da muka kusa gida, Yaya ya juyo gare ni. "Turawa ma haka suke faɗinta in suna sauri," in ji shi. "Huɗu suke mai da ita. Ya ƙware."

"Ƙwarai kuwa," na ce. "Ya ƙware."

'Yarsa ta samo littafin ta karanta masa daga bango zuwa bango. An zana ƙwallon dabino, an zana ƙodagon goruba, da launi mai kyau. A gabatarwa an ce dabara ce da mai littafin ya gano a shekarunsa na aikin rediyo. An gode wa manya da yawa. Babu Yaya ko a layi ɗaya. Ya ce ta ci gaba da karanta kalmomin. Tana cikin yi ya ɗaga hannu.

"Sake wannan."

Ta sake.

"A littafi na biyar take. Na sa jan biro a inda bai dace ba, na ce zan gyara, ido ya hana." Ya yi dariya har da tari. "Ko kuskurena bai gyara ba."

Sannan ya juya fuskarsa bango. Ranar bai ci abinci ba.

'Yarsa ta so ta kai magana gaba. Tsofaffin ɗalibansa suka ce za su je gidan rediyo. Ya hana kowa. Tambaya ɗaya yake yi: "Yara na koyo da shi?" A ce suna koyo. Ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ta ƙona mini rai fiye da tsayuwar da muka yi a rana. Na ji kamar su biyu suka haɗu suka ci amanata, ɗaya ya ɗauka, ɗaya ya ƙi ya ce an ɗauka. Ɗan ƙanenmu bai sake taka gidan ba. Da salla yakan aiko da shadda.

Mako guda kafin rasuwar Yaya ina ba shi kunu, ya riƙe mini hannu.

"Ki yafe mishi."

"Sai ya faɗa da bakinshi, gaban mutane."

Ya saki hannuna. "To, a jira shi."

Ranar addu'ar uku ɗan ƙanenmu ya zo da motoci uku. Ya shigo cikin gida gaishe ni, wannan karon ya durƙusa.

"Gwaggo, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abucinsa. Ka ji abin da zan gaya maka. Mutane sun cika zaure. Kafin a watse, ka faɗa musu littafin nan na wane ne."

"Gwaggo, yau ba ranar wannan maganar ba ce." Ya matso, ya rage murya. "Ko Baba ya bar wasu takardu? Don a adana, kada su lalace."

Na dube shi har ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ya bar abu ɗaya. Zan aiko maka."

Aka yi addu'a, aka fara rabon sadaka, waina da dabino da gumba. Shi kuma ya miƙe ya yi jawabi, da muryar nan tasa ta rediyo. Ya ce marigayi uba ne nagari, mai haƙuri, mai son zumunci. Ina tsaye a bayan ƙofar zaure ta ciki, inda mata ke tsayawa. Na jira har ya zauna. Bai faɗa ba.

Na koma ɗaki na ɗauko kwanon sha mai murfi, na zuba abin da zan zuba, na leƙa na yafuto direban nan na Tsafe. Na ce ya kai wa mai babbar riga, ya ce sadakar gwaggonsa ce.

Ya buɗe a gaban kowa. Ƙwallon dabino huɗu, ƙodago ɗaya.

Direban bai koma wurinsa ba. Ya durƙusa, ya kwashe su daga kwanon, ya jera a kan tabarma: dabino, goruba, dabino, dabino, dabino. Na ga mai hatsi ya rufe fuska da hula. Na ji wani a can baya yana bugun gwiwa.

Liman baƙo ne a unguwar, bai san komai ba. Ya ce, "Wannan kuma mene ne?"

"Allah gafarta Malam, littafi ne," in ji direban. "Mu mun karance shi tun ba a buga ba."

Duk ido ya koma kan ɗan ƙanenmu. Ya dubi ƙwallayen. Ya buɗe baki.

"Li... li... littafin... Ba... Ba... Ba..."

Rabon da in ji wannan tun daminar Tsafe. Ƙafarsa ma ta fara bugun ƙasa. Wani daga cikin mutanensa ya yunƙura zai yi magana a madadinsa, sai mai hatsi ya ɗaga hannu.

"A jira shi."

Aka jira. Zaure cike da dattawa, ba mai tari. Ni ma na jira, hannuna a kan ƙyaure, kuma Allah ya sani a lokacin da ya ƙarasa da na yafe masa nan take.

Bai ƙarasa ba. Ya sunkuya kamar mai gyara bakin riga, ya miƙe, ya nemi takalminsa. Muka ji motoci uku sun tashi.

Littafin na nan a hannun yara da sunan da yake ɗauke da shi. Ba a canza komai ba. Don haka ni nake faɗa, tunda shi bai faɗa ba: ƙwallon dabino da ƙodagon goruba na Yayana ne, Malam Gaɓa-gaɓa na Bungudu da Tsafe da Gusau. Duk yaron da ya taɓa zanen nan da yatsa ya yanka doguwar kalma, a tabarmar Yaya yake zaune, ko bai sani ba.

Da aka watse, direban ya dawo mini da kwanon. Na buɗe na ƙirga. Dabino huɗu. Na aika aka kakkaɓe tabarmin zaure, aka share ƙasa, aka duba bayan ƙofa. Babu ƙodago.

Na mayar da huɗun cikin gwangwani, na ajiye a kan akwatin ƙarfe, inda nake ganinsa daga gadona. Ban yafe wa ɗan ƙanenmu ba tukuna. Ya san dokar gidan nan, ya kuma san hanya.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa ranar tambaya harshensa ya fito sarai, yadda ya fito da na 'ya'yan mutane. Ni kuma Ya ba ni kwanan da zan ji ƙarar ƙodagon nan ya faɗa gwangwani.